Ƙanwar mijina ta sayar min da maganin maza, muryata ta tafi

Assalamu alaikum Admin da duk 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, a saka min wannan yadda na rubuto shi, kada a rage komai ko da ya yi tsawo. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, wani lokaci har in saka baki, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan turo tawa ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Ni mace ce, shekaruna sun haura arba'in da biyar, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Ba zan faɗi sunansa ba saboda ƙaramin wuri ne, gonar wannan a jikin ta wancan, gidan wannan a bayan na wancan, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Mijina manomi ne, yana kuma ɗan taɓa sayen hatsi ranar kasuwa. Ni kuma ina koyar da matan aure karatu a rumfar da ke tsakar gidanmu, daga bayan azahar zuwa la'asar. A gidan karatu na tashi, a hannun mahaifina na sauke, kuma Allah ya ba ni murya, wannan ba yabon kai ba ne, abin da aka san ni da shi ke nan. Ni nake jan baƙi a tafsirin mata da azumi, kuma duk walimar sauka ko ta aure a ƙauyukan da ke kewaye da mu, ni ake turo wa mai mashin in je in buɗe taro da karatu. Na sha ɗago kai in ga tsofaffi suna share hawaye da bakin mayafi. Na faɗi wannan ne don ku gane girman abin da aka raba ni da shi.

Kamar shekara biyu da suka wuce jikina ya fara canzawa. Al'adata ta rikice, wani watan ta zo sau biyu, wani lokaci ta ɗauke har in sakankance ta tafi ke nan, sai ta dawo kamar an buɗe famfo. Ni da mata suke zuwa tambaya ta bambancin haila da jinin ciwo, sai ga ni zaune a kan sallaya ban san in tayar da salla ko in bari ba. Wani zafi ya riƙa taso min daga ƙirji zuwa fuska, ina tsakiyar darasi gumi ya jiƙa min hijabi ko da sanyi ake yi. Barci ya ƙi, gwiwoyi suka fara ciwo, ga mantuwa, ayar da na haddace tun ina yarinya sai ta maƙale min sai ɗaliba ta ɗora ni. Abin da ya fi damuna kuwa, ku gafarce ni zan faɗa tunda ba a san ni ba, sha'awar mijina ta ɗauke ƙaf. Ba faɗa muka yi ba, mutumin kirki ne, amma in ya matso kusa sai in ji kamar an ɗora min buhun dawa, ga bushewa ga zafi. Bai taɓa yi min gori ba, shiru kawai ya yi ya ja jikinsa, kuma shirun nan ya fi min magana ciwo.

Babbar 'yata tana aure a Minjibir, ita na fara ɗan gutsura wa, ban da maganar mahaifinta. Ta ce Umma wannan alamar ɗaukewar al'ada ce, mu je Kano ki ga likitar mata, akwai waɗanda aikinsu ke nan. Na ce to, a bari a gama aikin gona tukuna. Da gaske niyyar zuwa nake da ita, sai ƙanwar mijina ta shigo cikin maganar.

Zan kira ta Uwani, ba sunanta ba ne. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da mijina. Lokacin da aka kawo ni gidan nan ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa ba, ni na riƙa yi mata kitso, ni na ɗora ta a karatu, a ɗakina ta girma har aka yi mata aure. Yaya take ce min. Yanzu tana aure a cikin birni, tana sana'a a waya, atamfa, turaren wuta, kayan gyaran jiki na mata, tana da guruf na kwastomominta. Ta zo gaida Inna, wato surukata, ta same ni a madafa na cire ɗankwali ina ta fifita da faifai kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ta ce Yaya lafiya? Ni kuwa da nake ganin ta kamar 'yar cikina, na zaunar da ita na faɗa mata komai, har abin da ban iya faɗa wa 'yata ba.

Da na ce mata asibiti zan je sai ta riƙe haɓa. Ta ce Yaya ke da girmanki za ki je ki bi layi tun asuba, a yi ta ɗaga miki rana kafin ki ga babban likita, ƙarshe a ce ki kwanta ɗalibai maza su kewaye ki suna kallo, in ma ba ki yi sa'a ba su ce mahaifa za a cire. Ta ciro waya ta nuna min bidiyon wasu Turawa mata sa'o'ina, suna ta tsalle suna dariya, ta ce wani abu suke shafawa sunansa testosteron, jikin mace ma yana da shi, in shekaru suka ja sai ya ragu, shi ya sa ƙarfi da sha'awa suke tafiya. Ta ce tana da mai turo mata shi, oda kawai za ta yi a waya, ba layi, ba kati, ba wanda zai ji. Tambaya ɗaya na yi mata, na ce ba shi da illa? Ta dube ni ta ce, “Haba Yaya, ni zan ba ki abin da zai cuce ki?”

Direban bas ɗin da ke zuwa Ɗambatta ta ba saƙon, a ƙulle cikin baƙar leda. 'Yan ƙananan ledoji ne irin na shamfu, rubutun jiki ma ba Turanci ba ne, abin ciki kuwa fari tas, mai yauƙi, yana warin sifirit. Ta ce in riƙa fasa ɗaya kullum ina shafawa a dantse da cinya. Ban faɗa wa 'yata ba don na san za ta hana, Malam kuwa, wato mijina, ce masa na yi man ciwon gwiwa ne.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko na ji daɗinsa. Ƙarfi ya dawo min, na yi sussukar geron da na daɗe ina ba da aikinta, na daka, na yi surfe, ban ji komai ba. Tsakanina da Malam ma abubuwa suka dawo har suka fi da, mutum ya riƙa dawowa daga kasuwa da tsire a leda yana murmushi. Cikin wannan murnar na ɗauki waya na yi wa Uwani dogon saƙon murya, na yi mata godiya, na sa mata albarka, ina dariya ina ba ta labarin abubuwan da mace ba ta faɗa sai ga wadda ta yarda da ita ɗari bisa ɗari. Na kuma ce mata zafin nan da gumin dai ba su daina ba. Ta ce ai don bai ishe ni ba ne, in mayar da shi safe da yamma. Na mayar.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙuraje suka feso min a fuska da baya kamar budurwa, fatata ta riƙa maiƙo. Sai gashi a haɓa, da farko 'yan tsiraru ina tsige su da matsefata, kafin in ankara ya kama saman leɓe da gefen kumatu, baƙi mai kauri, na gaban kaina kuma yana bin mataji. Zuciyata ta yi zafi, wata dattijuwa a ajina da ta girme ni nesa ba kusa ba ta kasa kawo wata aya, na daka mata tsawar da har yau in na tuna kunya nake ji. Sai murya ta fara dishewa. Na ɗauka mura ce, na sha zuma da citta da kanumfari har na gaji. Duk abin da na gani sai na faɗa wa Uwani, amsarta ɗaya ce, jikinki ne yake karɓar maganin Yaya, kada ki kuskura ki tsaya a tsakiya. Na sayi takunkumi na riƙa rufe fuska, duk wanda ya tambaya in ce tari nake.

Ranar da asirina ya tonu, walimar sauka ce a wani ƙauye kusa da mu. An ɗaura lasifika a kan darbejiya, mata a cikin gida, maza a ƙofar gida a kan tabarmi. Aka miƙo min abin magana, na yi a'uziyya na fara. Abin da ya fito daga bakina ni kaina ban gane shi ba, wata murya ce mai kauri daga can ƙasa, da na zo inda na saba ɗagawa sai ta tsage kamar ta yaron da ya fara balaga. Na yi gyaran murya na sake, haka. Ban kai ƙarshen shafi ba sai ga mai gidan da kansa ya leƙo bakin zaure a fusace yana tambaya wane namiji ne ya shiga cikin mata. Wasu suka fashe da dariya, wasu suka toshe baki da hijabi. Na ajiye abin maganar a kan tabarma, na nemi takalmina, ban jira mai mashin ba, a ƙafa na ratso gonakin mutane na dawo gida ina kuka.

Labari ya kai Minjibir, washegari 'yata ta zo. Ta sa hannu ta cire min takunkumin, da ta ga fuskata sai ta zauna a ƙasa. Ita ta kai ni Kano. Layi kam akwai shi, mun jira, an ba mu rana mun koma mun dawo, amma babu ko ɗaya daga cikin sauran abubuwan da Uwani ta tsorata ni da su. Likitar mace ce, ita kaɗai da ma'aikaciyarta a ɗakin, ta saurare ni har na gama. Da na miƙa mata ledar ta juya ta ta ce wannan na maza ne, leda ɗaya an yi ta ne don ƙaton namijin da jikinsa ya gaza samar da nasa, ni kuma biyu nake shafawa. Aka ɗebi jinina, sakamako ya fito, ta ce abin da ke jikina ya wuce na mace nesa. Ta yi min bayani cewa ba wai ba a ba mata shi kwata-kwata ba ne, akwai wadda ake ba ɗan kaɗan, bayan an duba ta an gwada wasu hanyoyin, kuma ana yi ana auna jininta. Ta ce abin da ke damuna tun farko sanannen abu ne, mata da yawa suna bi ta kansa, kuma yana da magani. Ta rubuta min, kuma wallahi zafin ya ragu, barci ya dawo. Ta gargaɗe ni cewa ta fata yake shiga, yana iya shafar duk wanda ya goga jikinsa da wurin, musamman yara ƙanana da masu ciki, ta ce in kawo ragowar a lalata. Na ce mata na zubar. Ban zubar ba, a lokacin ban ma san dalilin da ya sa na riƙe shi ba.

Na tambaye ta ƙurajen, ta ce za su tafi. Gashin, ta ce zai ragu a hankali. Na ce muryata fa? Ta ce, “Malama, ba zan rufe ki ba. Murya in ta yi kauri irin haka, sau da yawa ba ta komawa.” Azumin da ya wuce ɗalibata ce ta ja baƙi. Ina tsakar gida ina damun kunu ina jin ta ta lasifika, duk inda ta yi kuskure bakina yana gyarawa a hankali, ba mai ji.

Na kira Uwani, ina tsammanin za ta ruɗe, ta yi kuka, ta taho. Cewa ta yi ai ba ɗaure ni ta yi ta shafa min ba, kuma jiki da jini ne, wani ya karɓa wani ya ƙi. Na ce ke kika ce in ninka, ta ce ba ta tuna ba. Sai ta ƙara da maganar da har in mutu ba zan manta ba, ta ce ai ba ni kaɗai ba ce gashi ya fito wa, sauran akwai man cire gashi da take kawo musu, ko ta turo min? Na ce sauran? Wato tun kafin ni kin san yana yin haka? Na ce ke kin taɓa shafawa? Ta ce Allah ya sawwaƙe, ita me ya same ta. Na kashe wayar.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye. Wata rana an tashi daga karatu, wata ɗalibata da muke mutunci ta ƙi tafiya, ta ce Malama akwai abin da ya daɗe yana cin ta, ta ciro waya ta kunna min. Saƙon godiyar nan ne da na tura wa Uwani. Ashe tun a lokacin ta saka shi a guruf ɗin kwastomominta, ta rubuta a sama cewa ga shaida daga bakin malamar Alƙur'ani. Ba ta sa sunana ba, amma wa yake buƙatar suna, duk yankin nan babu wanda bai san muryata ba. Matan da nake zaunarwa a gabana ina koya musu tsarki da kunya, sun ji ni ina ƙyalƙyala dariya ina ba da labarin shimfiɗata da mijina. Daga wayar mata ya tsallaka ta maza, ya kai teburin mai shayi, sai a ranar na gane dalilin da samari suke sunkuyar da kai suna murmushi in na wuce. Wasu daga cikin ɗalibaina har sun saya, suna cewa tunda Malama ta yi ai ba matsala. Na bi su gida-gida a ɓoye na ce su daina, ɗaya daga ciki ta ɗaga min haɓarta, ita ma ya fara. Amma 'yan uwa abin da ya fi ƙona min rai, muryata ce ta da a cikin saƙon nan, tas, ba dishewa ko kaɗan. Duk karatun da na yi shekara da shekaru babu wanda na ɗauka a waya na ajiye. Abin da ya rage na muryar da Allah ya ba ni shi ne wannan, kuma da shi ake tallan abin da ya kashe ta.

Na sami Malam na faɗa masa komai. Ashe ya riga ya ji a bakin wani abokinsa a kasuwa, ya rasa yadda zai tunkare ni. Ya kira Uwani ya yi mata faɗa, ta yi masa kuka ta ce kuskure ne hannunta ya taɓa, ta goge. Ba a daɗe ba aka nuna min ta sake saka shi a wani guruf ɗin. Na ce masa zan kai ta gaban hukuma, domin abin da take sayarwa ba ta da izininsa kuma tana nakasa mata. Nan muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba tunda aka kawo ni. Ya ce ƙanwarsa ce, Inna tana fama da hawan jini, in aka zo aka kama autarta wani abu ya same ta, da wane ido zan dube shi. Ya ce in na je ba da yawunsa ba, kuma kada in dawo ina tsammanin zan same shi yadda na bar shi. Na ce lokacin da maganin yake maka daɗi ai ba ka tambayi daga ina ya fito ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna kuma da ta ji sama-sama, cewa ta yi ke ce babba, ke kika raine ta, a rufa wa juna asiri. Asirin wa ya rage? Har yau babu wanda ya ce wa Uwani ta zo ta durƙusa ta ba ni haƙuri, ita ma ba ta ga dalili ba. Ina ganin hotunanta, ta yi sabon leshi, ta sa haƙorin Makka, fuskar nan sumul.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu. Duk shekara in an yi kaka ina haɗa man shafawa, man kaɗe nake narkarwa in tace in zuba man zaitun da turare, in raba wa dangi. Uwani ta fi kowa son sa, in ta zo ɗaukar kasonta na gero da gyaɗa daga gonar gado, da babbar roba take tafiya, shi take shafawa har shekara ta zagayo. Bana an gama yankan gero, an cika rumbu, sai ta kira Inna suna hira, ina jin su daga madafa, ta ce a faɗa wa Yaya kada ta manta da man nata. Kamar babu abin da ya faru. Kamar ni baiwar gidansu ce.

Ranar da kowa ya tafi roron gyaɗa, gida ya rage daga ni sai kaji, na narka man, na cika robobin kowa, na ware tata. Na ɗauko ragowar ledojin nan, da yawa ne don sabuwar oda ce ta zo dab da zuwana asibiti, na farke su ɗaya bayan ɗaya na matse a ciki, na juya har ya haɗe, na ƙara turare ya danne warin. Ba zan ɓoye muku ba, ina juyawa ina jin wani sanyi a raina da na daɗe ban ji ba. Ina hango ta a gaban madubi da matsefata. Ina hango ta ta ɗauki waya za ta yi wa kwastomomi sallama da muryar nan tata mai yanga, ta ji abin da na ji a walima. Ina so ta kira ni tana kuka, in ce mata jikinki ne yake karɓa, kada ki tsaya. Ban ma sani ba ko zai yi aiki a haka ko ba zai yi ba, amma niyyata ke nan, kuma robar tana nan a cikin kwalla a ƙarƙashin gadona.

Abin da yake riƙe hannuna, Uwani tana da 'yar ƙarama da ba a daɗe da yaye ta ba, kuma sunana aka sa mata, takwarata ce. Na san halin uwarta, in ta yi wa yarinyar wanka da man da ke kusa take shafe ta. Maganar likita a kan yara tana dawo min. Nakan ce zan gaya mata wannan na manya ne, turaren ya yi ƙarfi, amma na san ba ta jin magana. Kuma kada wani ya tuna min hukuncin cutar da Musulmi, na san shi, ni nake koyar da shi, na karantar da shi a rumfar nan ba sau ɗaya ba. Likita ta taɓa ce min maganin yana sa zafin zuciya, zai sauka in ya bar jikina. Ya daɗe da barin jikina. Wannan fushin nawa ne.

Akwai wata hanyar da nake juyawa. Zuwan nata ya dace da bikin 'yar ƙanin Malam, duk matan dangi da na ƙauyukan nan za su taru, kuma za a kawo lasifika. Ina iya miƙewa in karɓi abin magana, in cire takunkumi kowa ya ga haɓata, in yi magana da wannan muryar da ta bar min, in faɗi sunanta da abin da take sayarwa da abin da ta yi da saƙona, a gabanta, a gaban dangin mijinta da za su rako ta. Kasuwarta za ta mutu a ranar, wataƙila har aurenta ya girgiza, kuma matan da ba su saya ba tukuna za su tsira. Amma zan ɓata bikin yarinyar da ba ta yi min komai ba, zan tona ɗan abin da ya rage min da bakina, kuma ban san me zai sami Inna a wurin ba. Hanya ta uku ita ce hukuma, 'yata tana bayana a kan wannan, ta ce ita za ta raka ni, amma kun ji abin da mahaifinta ya ce, kuma a shekaruna ban san inda zan nufa ba in gidan nan ya ƙi ni.

Ɗazu da hantsi Inna ta dogaro sandarta ta leƙo ɗakina, ta ce ƙamshin man bana ya fi na bara, wanda ke ƙarƙashin gado take ji, in ɗan lakato mata ta shafa a ƙafa. Na ce bai gama daskarewa ba Inna, na ɗauko mata na wata robar. Tunda ta fita nake zaune a bakin gadon nan ina rubuta muku wannan.

'Yan uwa, musamman iyaye mata da suka kai shekaruna, da malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, ku gaya min gaskiya. In miƙa mata robar nan ta ɗanɗana abin da ta ɗanɗana min? In tashi a gaban taro in tona ta, kome zai faru ya faru? Ko in bi 'yata mu je hukuma in sa aurena a kan layi? In kuma akwai wata hanyar da za ta sa Uwani ta ji a jikinta ba tare da na hallaka kaina ba, ku nuna min ita. Jibi za ta iso, kuma abin da za ta fara tambaya in ta ajiye jaka shi ne man nata.